Esperanto: Harshen da Likitan Ido Ya Ƙago da Ƙa'idodi 16

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya baro gida ya zo neman abinci Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ya san wahalar zama cikin mutanen da ba ya jin maganarsu. Ciniki yakan lalace, wani lokaci har rigima ta tashi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. To, irin wannan damuwa ce ta sa wani likitan ido, Ludwik Zamenhof, ya zauna ya ƙago sabon harshe ɗungurungum.

An haifi Zamenhof a 1859 a garin Bialistok, wanda yau yake cikin ƙasar Polan, amma a lokacin yana ƙarƙashin mulkin Rasha. Garin ya tara Yahudawa da Rashawa da Jamusawa da mutanen Polan, kowa da harshensa, kuma ba su ga maciji da juna. A 1887 ya buga wani ɗan littafi a birnin Warso, ya sa wa kansa suna Doktoro Esperanto, watau likita mai sa rai. Daga nan harshen ya samo sunansa.

Abin da ya fi jawo hankali shi ne nahawunsa. Ƙa'idodi 16 ne kacal, ba kuwa kalmar da take kauce musu. Baƙaƙe da wasula 28 ne, kowanne da lafazinsa guda.

Kowane suna yana ƙarewa da -o. Gida shi ne domo, kare kuwa hundo. Kowace sifa tana ƙarewa da -a, saboda haka babban gida shi ne granda domo. In kana son jam'i, sai ka ƙara -j, wanda ake faɗa kamar y: domoj, gidaje ke nan. Mai karatu ya gwada wannan da Hausa, inda baƙo zai haddace gida da gidaje, doki da dawaki, mutum da mutane, kowanne da hanyarsa.

Aikatau ma haka yake. Skribi shi ne rubutawa. Mi skribas, ina rubutawa. Mi skribis, na rubuta. Mi skribos, zan rubuta. Ko ni ne, ko kai, ko su, aikatau ba ya sākewa. In umurni ne, sai a ce skribu. Wanda aiki ya faɗa wa kuma ana liƙa masa -n, domin a san wa ya yi, wa aka yi wa: la knabo vidas la hundon, yaro yana ganin kare.

Har ila yau, Zamenhof ya rage yawan kalmomin da za a haddace ta hanyar ɗafi. Mal- yana juya ma'ana: bona mai kyau, malbona marar kyau. Patro uba ne, patrino uwa. Lerni koyo ne, lernejo wurin koyo, daidai yadda muke cewa karatu da makaranta, ko salla da masallaci.

To, da wannan sauƙi duka, me ya hana duniya ɗaukarsa? An yi babban taronsa na farko a Faransa a 1905, hukumar UNESCO kuma ta yaba da aikin masu yaɗa shi a 1954. Har yau yana da masu magana da shi a ƙasashe da dama. Amma ba ƙasar da ta mai da shi harshen hukuma. Bugu da ƙari, yawancin kalmominsa daga Latin da 'ya'yansa aka ɗebo su, sai Jamusanci da Ingilishi. Bature zai ga domo ya gane, Bahaushe kuwa sai ya haddace.

Mu ma a nan Nijeriya an taɓa cika baki da Wazobia, kalmar da aka haɗa daga wa na Yarabanci, da zo na Hausa, da bia na Ibo. Sunan ya zauna, harshen bai kankama ba. Mutum yana koyon harshe ne in akwai abokin ciniki ko maƙwabcin da zai amsa masa.

Saboda haka, ɗan'uwa mazaunin Agege ko Sabo, kada ka raina ɗan Yarabancin da kake tsinta a bakin kasuwa. Nahawunsa ya fi na Zamenhof wuya, amma mai gidan da kake haya yana jin sa. Allah ya ba mu zaman lafiya.