Rinin Sirdin Tsohon Keke: Ba Kowace Roba Ke Shan Launi Ba

A cikin watan Yuli na shekarar 2011 ne gwamnatin Jihar Borno, a ƙarƙashin Gwamna Kashim Shettima, ta hana hawan babur a Maiduguri da Jere saboda matsalar tsaro. Wannan doka ta sa talakawa da yawa, a Maisandari da sauran unguwannin birnin, suka koma ga keke. Aka fito da tsofaffin Raleigh da Phoenix daga zaure, aka kakkaɓe ƙura, aka kai wa masu gyara.

To, shi ƙarfen keke yana da juriya, amma sirdin roba ba haka yake ba. Zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, hasken rana kuwa yana cin roba sannu a hankali har launinta ya koɗe. Sai mai keke ya yi tunanin rina sirdin a gida, tun da rini sana'ar kaka da kakanni ce. A nan ne mutane da dama ke yin asarar galurarsu, wani lokaci har da sirdin kansa.

Dalili kuwa shi ne, roba ba auduga ba ce. Baban da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata ta Kano yana shiga cikin zaren auduga ya zauna, amma a kan roba sai ya tsaya a sama, da an goga ya fita. Wanda ya hau irin wannan sirdi da farin wando ranar Juma'a, shi zai ba da labari.

Har ila yau, ita kanta robar iri-iri ce. Akwai nailan, wadda ita ce mai shan rini. Da irinta aka yi sirdin Unicanitor na kamfanin Cinelli a ƙasar Italiya cikin shekarun 1960, haka kuma masu tara tsofaffin kekunan BMX a Amurka sukan rina sirdunan nailan da galurar Rit. Akwai kuma irin robar da ake yin bokiti da jarka da ita, wadda ko kwana za ta yi a tukunya ba za ta ɗauki launin kirki ba. Sa'an nan akwai sirdin da aka lulluɓe da leda mai taushi a kan soso. Shi wannan ba a tsoma shi a ruwan zafi, domin soson zai sha ruwa, gam ya saki, ledar ta yamutse.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. A kankaro ɗan ƙanƙanin yanki daga ƙarƙashin sirdi, inda ido ba ya gani, a danna shi cikin kofin ruwa. In ya taso ya yi iyo, robar bokiti ce, sai a haƙura da rini, a nemi fentin feshi na roba ko a kai wa baduku ya ɗinka masa riga. In ya nutse, to, akwai alamar nailan ce.

Wanda ya dace da nailan sai ya kwance sirdin daga keke, ya wanke shi sarai da sabulu, domin duk inda maiƙo ya saura rini ba zai kama ba. Ya nemi galurar da aka yi musamman domin nailan, ya narkar da ita a ruwan da zai rufe sirdin, ya ƙara ruwan kal kaɗan. Ruwan ya yi zafi sosai, amma kada ya tafasa, kuma kada sirdin ya zauna a gindin tukunya, don zafin wuta kan lanƙwasa shi. A riƙa juyawa ana dubawa har launin ya yi yadda ake so, sa'an nan a ɗauraye har ruwa ya fita fari. A tsane ƙarafan ƙarƙashi nan take, a shafa musu mai saboda tsatsa.

Abu guda da ya kamata a sani shi ne, rini ba ya mai da baƙi fari. Launi yana hawa kan launi ne kawai. Farin sirdi zai iya zama ja ko shuɗi, rawaya in aka sa mata shuɗi kore za ta koma, baƙi kuwa baƙi ne har abada. Sirdin da rana ta riga ta tsattsage shi ma rini ba zai ɗinke shi ba.

Babban gargaɗi ya shafi lafiyar iyali. Tukunyar da aka yi rini a ciki ba ta sake komawa murhun abinci, komai wankin da aka yi mata. A yi aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, da safar hannu, nesa da yara, kuma kada a zubar da ruwan kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Rigakafi dai ya fi magani, kofin ruwa guda na gwaji kuma ya fi kuɗin sabon sirdi araha.