Makunnin DNA Da Ya Buɗe Hanyar Sabon Maganin Sikila

Wayar Android na iya ɗauke da manhajoji masu yawa, amma ba duka ke aiki lokaci ɗaya ba. Haka jikin ɗan Adam yake. Kusan kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da DNA iri ɗaya, mai ƙwayoyin gado kusan 20,000, amma ƙwayar ido ba ta yin aikin ƙwayar jini. Abin da ke kawo bambancin shi ne wasu furotin da ke maƙalewa a jikin DNA, su kunna wata ƙwayar gado, su kashe wata. Su ne makunnan DNA, kuma mutum yana da kusan 1,600.

Ɗaya daga cikinsu, mai suna BCL11A, ya shafi masu cutar sikila kai tsaye, cutar da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita.

Jariri a ciki yana amfani da wani nau'in himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayoyin jini. Bayan haihuwa sai BCL11A ya kashe shi, jiki ya koma nau'in manya. A wajen mai SS, nau'in manyan ne ke da matsala. Shi ya sa ciwon ba ya yawan bayyana sai jariri ya kai wajen wata shida.

Daga nan masana suka yi tunanin rage ƙarfin makunnin. Maganin Casgevy yana amfani da fasahar CRISPR wajen yin haka: a ciro ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majiyyaci, a yanke wurin da ke kunna BCL11A, sannan a mayar masa da su. Sai himogulobin na jarirai ya dawo aiki. Birtaniya ta amince da maganin a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba.

Sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuma sai an yi wa majiyyaci kemoterafi mai ƙarfi kafin a mayar da ƙwayoyin. Abin da ya fi kusa da talaka a yanzu shi ne hydroxyurea, maganin da shi ma ke ƙara himogulobin na jarirai idan likita ya rubuta, sai kuma gwajin jini kafin aure.