Mai Bi da Ƙaramar Bindiga: Abin da Nassi da Dokar Ƙasa Suka Ce

Akwai tambayar da ba a cika yin ta a gaban taro ba, sai an tashi daga sujada, ko a hanyar dawowa daga jana'iza: “Baba Fasto, zunubi ne in na nemi ƙaramar bindiga na riƙa yawo da ita?” Masu yin ta yawanci magidanta ne, manoma da direbobi da 'yan kasuwa, kuma ba neman faɗa suke yi ba. Sun ga abin da ya faru a cocin St. Francis na Owo ran 5 ga Yuni 2022, sun ga na Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023. Sun kuma tuna Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo a Maris 2018 ya ce jama'a su kare kansu. Idan muka amsa musu da “ku yi addu'a” muka wuce, mun bar su a hannun dillalin makamai, domin shi yana da amsa a shirye.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki kare rai a matsayin laifi ba. A Fitowa 22:2-3 shari'ar Musa ta yi maganar ɓarawon da ya fasa gida. In da dare ne mai gida ya buge shi ya mutu, babu alhakin jini a kansa, amma in rana ta fito, akwai alhaki. Dalilin bambancin ba boyayye ba ne. Cikin duhu mai gida bai san ko mutumin kaya yake so ko rai ba. Da rana kuwa yana gani, yana iya yin kururuwa maƙwabta su kawo gudummawa. Wato ko ɓarawo, ransa yana da daraja a gaban Allah, kuma izinin ɗaukarsa ƙunƙuntacce ne ƙwarai. A Nehemiya sura 4 maginan garun Urushalima sun yi aiki da makami a jikinsu. Sai dai mu lura, Nehemiya gwamna ne mai takardar izini daga sarki, tsaron kuma na jama'a ne a tsare, da masu gadi da mai busa ƙaho. Ezra, wanda ya bi hanya mai irin wannan hatsari, ya ji kunyar roƙon sojoji, ya kira azumi (Ezra 8:21-23), Nehemiya kuwa ya tafi da rakiyar mahaya dawakai. Nassi bai tsauta wa ko ɗayansu ba.

Ayar da aka fi jawowa ita ce Luka 22:36, inda Ubangiji ya yi maganar sayar da riga a sayi takobi. Mu karanta ta tare da abin da ya biyo baya. A aya ta 37 Yesu ya ɗaure maganar da annabcin Ishaya 53:12, cewa za a lasafta shi cikin masu laifi. Almajiran suka nuna takuba biyu, ya ce sun isa, alhali takuba biyu ba za su tsare mutum goma sha ɗaya daga rundunar da ke zuwa ba. A daren nan kuma, da Bitrus ya sare kunnen Malkus, Yesu ya hana shi, ya warkar da kunnen. Masana sun rabu: wasu na cewa gargaɗi ne kan hatsarin tafiye-tafiyen da ke gaba, wasu na cewa misali ne da almajiran suka kasa ganewa. Kowanne muka bi, a cikin Ayyukan Manzanni kaf babu manzon da ya zare makami don a daina tsananta masa. Da aka ƙulla makircin kashe Bulus, labari ya aika wa shugaban sojoji, aka fitar da shi da dare da rakiyar mutum 470 (Ayyukan Manzanni 23). Juya ɗayan kumatu na Matiyu 5:39 kuwa maganar mari ce, wato cin mutunci, bai ce uba ya naɗe hannu ana yanka 'ya'yansa ba. 'Yan'uwanmu na EYN, waɗanda suka gāji koyarwar ƙin ɗaukar makami tun kafuwar aikinsu a Garkida a 1923, sun fi mu tsananta wannan karatu, kuma irin jinin da suka zubar a hannun Boko Haram ya hana kowa ya kira matsayinsu tsoro.

To, ga inda da yawa suke tuntuɓe. Suna zaton tun da bindigar ƙarama ce, dokarta ma ƙarama ce. A Najeriya akasin haka ne. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa makamai kashi uku. Bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin ta maharba, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke da iko a kanta. Bindigar farauta, lasisinta daga Sufeto Janar yake fitowa. Fistol kuwa, da mai juyawa da marar juyawa, an sa ta a jerin haramtattun makamai tare da bindigogin yaƙi da gurneti, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininta. Dalilin a fili yake: abin da ke ɓuya a aljihu shi ne makamin ɗan fashi. Hukuncin mallakarta ba izini ɗauri ne na aƙalla shekara 10. Ƙirar gida da maƙera ke yi ma tana ƙarƙashin wannan doka, kuma maƙerin shi ma mai laifi ne. A Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga, nan take Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 kuma Sufeto Janar ya sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi. Don haka duk wanda ya ce zai samo maka fistol da takarda a kan kuɗi kaza, takardar banza zai ba ka. Bidiyon da matasanmu ke kallo a waya, na yadda ake zaɓen ƙaramar bindiga da inda ake soke ta a ƙugu, daga Amurka suke, inda tsarin mulki ya ba da wannan 'yanci tun 1791. Masu bidiyon ba sa faɗin cewa a can ɗin fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a shekara, su ne suka harbe kansu.

Kare kai shi kansa yana da iyaka a kotu. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare mutum daga hari. Dokar Final Kod ta Arewa ta ƙara da cewa kada cutarwar ta wuce abin da ya zama dole, kuma babu wannan haƙƙi in akwai lokacin neman hukuma. Shari'ar Sunday Jackson, manomi daga Adamawa, ta nuna yadda kotu ke auna abin. Ya ce an kai masa hari da wuƙa a gona, ya ƙwace ta ya kashe maharin. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, bisa cewa da ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a Maris 2025. Da yawanmu mun ga hukuncin ya yi tsanani, har yau ma haka muke gani. Amma in mutumin da ya yi amfani da wuƙar maharinsa ya sha wannan, me zai sami wanda aka tarar da fistol marar izini a hannunsa?

Sai mu tambayi kanmu ko abin ma zai yi aikin da ake so. Fistol makamin kusa ne, na 'yan taku kaɗan, kuma ko sojoji sai da atisaye mai yawa suke iya samun abin da suka auna da ita. Masu kai hari ƙauyukanmu suna zuwa da yawa, a kan babura, da AK-47 mai cin harsashi 30 wadda ke kaiwa ɗaruruwan mita. Ƙirar gida kuwa takan ƙi tashi, wani lokaci ta fashe a hannun mai ita. A ranakun da ba hari, waɗanda su ne mafi yawa, bindigar tana ƙarƙashin katifa, a gidan da akwai yara masu bincike, da saɓanin miji da mata, da rikicin iyakar gona, da ɗan'uwan da ya sha ya bugu. Mu da muke zaman sulhu a ikkilisiya mun san yadda fushin minti biyar yake. Ga kuma shingen bincike: direban da aka samu da fistol a mota, ba mai tsayawa ya tambaye shi wace majami'a yake zuwa.

Akwai kuma abin da makami ke yi wa zuciyar da ke cikin makoki. Wanda ya binne ƙaninsa jiya, yau ya sayi bindiga, da wuya ya iya rarrabe tsaro da ramuwa, Romawa 12:19 kuwa ta bar ramuwa a hannun Allah, sura ta 13 ta ɗora takobi a hannun hukuma. Mun san hukuma ta sha gazawa, kuma faɗa mata haka da babbar murya, ta bakin shugabannin ikkilisiya da CAN da wakilanmu, yana cikin aikinmu.

Ga wanda nauyin tsaron iyali ya dame shi, ƙofar da doka ta bari a buɗe ita ce ta jama'a. A shiga ƙungiyar 'yan banga ko ta maharba da aka yi wa rajista, wadda DPO da mai gari suka san mutanenta da makamansu. Majalisar dattawa ta naɗa masu tsaron ƙofa a ranar Lahadi, a sanar da 'yan sanda lokutan manyan taro da kwanan addu'a, a kuma tabbata majami'a tana da ƙofar fita fiye da ɗaya wadda ba a kulle ba. Kowace unguwa ta san alamar da za a buga in an ga baƙon motsi, da inda mata da yara da tsofaffi za su nufa, da wanda zai ɗauki marar ƙafa. A riƙe lambar maƙwabta Musulmi da ta ardo, domin sau da yawa labarin farko daga wurinsu yake zuwa. Matasa su koyi ɗaure rauni da tsayar da jini, tun da mutane da dama a hanyar asibiti suke cikawa. Wanda kuma ya riga ya ajiye fistol a gida, ya sami fastonsa ko dattijo a asirce, a nemi lauya, a tsara yadda za a miƙa ta ga hukuma da shaida a rubuce.