Kamun Giwan Ruwa Da Koton Ƙarya

Manoma da yawa na bakin kogi sukan koma su idan an gama girbi. To, ga wata dabara ta kama giwan ruwa a wuri mai zurfi, kamar tafkin Kainji da aka tare a 1968, ko na Tiga na 1974.

Giwan ruwa mafarauci ne, 'yan'uwansa kifaye yake ci. Ƙananan suna zama bakin gaɓa, manyan kuwa, waɗanda wani kan wuce kilo 100, sun fi son zurfi, gindin duwatsu da itatuwan da ruwa ya shanye. Duk abin da ya gilma yana walƙiya sai ya kai masa cafka. Don haka ake ruɗinsa da koton ƙarya, kamar yadda masunta a Amurka ke yi wa kifin da suke kira bas.

Ba sai ka saya ba. Sami tsohon cokali, ka yanke mariƙin, ka huda kai da gindi. Sa babbar ƙugiya a huda ɗaya, ɗayar kuwa ka ɗaura waya kamu biyu, sa'an nan igiya, domin gefen kumatunsa yana da kaifi, yakan yanke zare. Sa dalma gaba ɗaya sama da cokalin don ya nutse. Goge shi da toka ya yi ƙyalli.

Saki igiya har dalma ta taɓa ƙasa, ka ɗago kaɗan, abokinka ya riƙa tuƙa jirgi sannu sannu. Cokalin zai riƙa lilo kamar kifi mai ciwo. Sassafe da gab da magariba sun fi.

Lura da lokaci. Da bazara ruwan sama-sama yakan yi zafi, ya ƙi gauraya da na ƙasa, har na can ƙasan ya rasa iskar da kifi ke shaƙa. A lokacin nan kada ka kai ƙasa, tsaya tsaka-tsaki. Idan sanyin hunturu ya gauraya ruwan, sai ka zurfafa.

Faɗakarwa biyu. Kada ka kuskura ka naɗe igiya a hannu, gama babban giwan ruwa yana iya fizgo mutum cikin ruwa. Naɗe ta jikin gora, in ya ja ka sakar masa har ya gaji. Ƙanana kuwa a mai da su ruwa, su ne manyan baɗi.