Fulogin Zamani a Tsohuwar Fijo

Duk wanda ya san tashar Kawo ta Kaduna shekaru talatin da suka wuce ya ga zamanin mulkin Peugeot 504. Ita ce ta haya zuwa Zariya da Kano da Katsina, ita ce ta ofis, ita ce kuma burin ma'aikaci kafin ya yi ritaya. 'Yar gida ce ma: kamfanin PAN da ke Kakuri ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har wajen 2005, fiye da shekaru ashirin bayan an daina ƙera mai ɗaukar fasinja a Faransa. Yanzu ta yi ƙaranci a titi, amma ba ta ƙare ba. A Unguwar Dosa da Badarawa ana cin karo da ita jefi-jefi, wata tana dakon kaya, wata kuma magada sun ƙi sayarwa don ta marigayi ce.

Masu irin waɗannan motoci suna da ƙorafi guda da suke ta maimaitawa, wai fulogin yanzu ba shi da ƙarko. A sa sabo yau, bayan 'yan makonni mota ta fara jijjiga, ta ƙi tashi da asuba. Bakanike ya kwance, ya ga baƙi wuluk, ya ce, "Alhaji, ai kayan yanzu sai haƙuri." Akwai jabu a kasuwa, ba musu. Amma sau da yawa fulogin na gaske ne, injin da aka yi shi dominsa ne daban.

Aikin fulogi bai sauya ba tun 1902, lokacin da kamfanin Robert Bosch na Jamus ya fito da nasa: wuta mai ƙarfin dubban bolt ta tsallaka 'yar tazarar da ke bakinsa, ta kunna haɗin fetur da iska. Injin ne ya sauya. Motar yau kwamfuta ke auna mata mai, kuma galibi kowace silinda da nata kwayil mai ƙarfi. Tsohuwar Fijo kuwa kafireto ke ba ta mai a kan ƙiyasi, kwayil ɗaya ke ciyar da silinda huɗu ta hanyar kwantak. Masu ƙera fulogi sun bi inda kasuwa take, sai mai tsohuwar mota ya koma saye daga abin da aka tanadar wa wasu.

Babbar matsalar ita ce lambar zafi, kuma ita ce aka fi jahilta. Bakin fulogi yana bukatar ya kai zafin wajen digiri 450 zuwa 500 kafin ya iya ƙone kunkunniyar da ke taruwa a kansa. In bai kai ba, sai ta lulluɓe farin tangaran ɗin, wuta ta bi ta jikinta ta zurare maimakon ta tsallaka. In kuma zafin ya zarce digiri 800 da wani abu, bakin da kansa zai riƙa kunna mai kafin lokaci, wanda hakan kan kai ga huda fistin. Don haka kowane inji da fulogin da ya dace da shi: mai riƙe zafi ko mai saurin zubar da shi. Abin takaici, kamfanoni ba su haɗu a kan lissafi ɗaya ba. A wajen NGK na Japan, in lamba ta hau, fulogin ya ƙara sanyi. A wajen Bosch da Champion, in lamba ta hau, zafi ya ƙara. Ke nan bakwai ɗin NGK da bakwai ɗin Bosch ba 'yan uwan juna ba ne. Bosch ma ya taɓa sauya tsarin lambobinsa gaba ɗaya, abin da tsofaffin littattafan mota ke kira W175T30 shi ne ya koma W7D. Mai shago a Panteka da ya ɗora tsoho kusa da sabo ya ce "ai ɗaya ne" yana faɗin abin da ido ya gani ne kawai, alhali bambancin yana cikin tsawon tangaran ɗin da ke ɓoye a ciki.

Sai harafin R. Wanda ya saba sayen BP6ES zai ga yanzu BPR6ES aka fi miƙo masa. Wannan R ɗin na nufin an sa wani ɗan abu a ciki mai tauye wutar kaɗan, don kada tartsatsinta ya dami rediyo da kwamfutar mota. Motar zamani ba ta yi sai da shi, shi ya sa marasa R ke ta raguwa. A tsohon inji mai lafiyayyen kwayil, R ba ya hana komai. Inda ake samun cikas shi ne in wayoyin fulogin su ma masu tauye wuta ne, ga kwayil ya tsufa, ga batir ya yi sanyi. Nan ne za a ji mota tana ta gurnani da safe ba ta tashi.

Tazarar baki ma ta buɗe. Tsarin kwantak yana son tazarar da ba ta wuce milimita 0.6 zuwa 0.7 ba, fulogai da yawa na yanzu kuwa da 1.1 suke fitowa daga kwali, kuma NGK kan rubuta 11 a ƙarshen lambar don ya nuna haka. Aunawa ba ta cin minti biyu, amma bakanike nawa ne ke da ma'aunin a aljihu?

Game da mai bakin iridiyam, wanda ake ta tallarsa da tsada, ra'ayina shi ne asarar kuɗi ce a motar kafireto. Gaskiya ne bakinsa siriri ne, milimita 0.6 ko ma 0.4, inda na gargajiya mai cikin jan ƙarfe ke da kusan 2.5, kuma siririn baki ya fi saurin ba da wuta. Amma abin da ake biya a kansa shi ne tsawon rai, kilomita dubu ɗari a injin da ke ƙona mai tsaf. A injin da kafiretonsa ke ambaliya, ko ringinsa ya saki yana shan baƙin mai, kunkunniya za ta kashe shi tun bai ci ko kaɗan daga kwanansa ba. Ga shi ba ya jure sanfefa da buroshin waya da aka saba wanke na da da su. Kamar a sa wa mai aikin kwaɓa farin yadi ne. Kuɗin ya fi amfani a gyaran kafireto da sabon kwantak, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace lita ta zama abin lissafi.

Akwai sauyin da ya taimaki tsofaffin motoci. Fetur mai dalma, wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayarwa a farkon 2006, yana barin datti a bakin fulogi. Na yau ba ya yin haka, don haka fulogin gargajiya ya fi daɗewa yanzu in har injin na da lafiya.

Abin da ke jawo ɓarna mai tsada kuwa shi ne tsawon haƙoran ɗauri da mazaunin fulogin. Wani milimita 19 ne, wani 12.7, irin na yawancin Volkswagen Beetle da aka harhaɗa a Legas. In an sa dogo a gurbin gajere, yana iya taɓa fistin, ko datti ya kama haƙoran da suka leƙa ciki ya ƙi fita. In an sa gajere a gurbin dogo, wutar na can cikin rami. Haka kuma wani da washa yake zama, wani mazauninsa a karkace yake ba ya son washa, kuma ba a musanya su. Kan injin 504 na alminiyam ne, fulogansa kuma a cikin zurfi suke, inda ido ba ya gani sosai. Sai inji ya huce ake kwancewa, a fara ɗaura sabon da hannu har ya zauna, sannan a kawo sifana. Yaron gareji da ya fara da sifana tun daga zagayen farko yana iya cinye haƙoran kan injin, aikin da ake gamawa kafin shayi ya huce ya koma na sauke kai a kai wa masu injin gyaran haƙori.