Kowane Wasa da Mudunsa

'Yan'uwana mata, kowace uwargida ta san ba lalle mudun Birnin Kudu ya zo daidai da na kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram ba. Mai hankali takan gwada kafin ta biya.

To, haka masu wasan kwamfuta ke fama. Suna juya hoton wasa da linzami, watau ɗan abin nan da ake ja bisa tebur. Kowane wasa kuwa da mudunsa. In an sa lamba 1, taku ɗaya na linzami yana juya hoto digiri 0.022 a Counter-Strike, amma 0.07 a Valorant. Wanda ya sauya wasa bai gyara ba, sai hannunsa ya yi ta kuskure.

Don haka aka gina shafuna a intanet masu yin wannan awo. Asirinsu rabawa ce kurum: a raba lambar Counter-Strike da 3.18. Mai 1.6 a can, 0.5 zai sa a Valorant.

'Yan makaranta, duk wadda ta iya rabawa ta kama hanyar gina irinsu. Iyaye mata, kada talla ta hana 'yarku darasin lissafi.