Famfon Da Ya Kusa Shekara 600 Yana Shayar Da Gari

A wannan wata za mu kai ku wani tsohon birni mai suna Dubrovnik, wanda ke bakin tekun Adiriyatik a ƙasar Kuroshiya. Mun isa can da rana tsaka, ƙishirwa ta dame mu. Da shigarmu ƙofar yamma ta ganuwar birnin, wadda ake kira Pile, sai muka ji ƙarar zubar ruwa. Ashe mun iso babban famfon Onofrio ke nan.

Ginin dutse ne mai kusurwa 16, da kubba a kansa, kamar wani ƙaton rumbu. A kowane gefe an sassaƙa fuska, ruwa kuwa yana fitowa daga bakinta ta wani ɗan bututu. Muka ga yara suna tara hannu suna sha, tsofaffi suna hutawa a kan matakala, baƙi suna cika gorunansu. Mu ma muka sha. Ruwan da sanyi, ba a kuwa karɓi ko kwabo a hannunmu ba.

Wataƙila wani ya ce, me zai sa garin da ke bakin teku ya damu da ruwa? Ai ruwan teku na gishiri ne, ba ya shayuwa. Birnin kuma a kan dutse yake zaune, ga shi a watannin zafi ruwan sama yakan yi wuya. Mutanen dā sun dogara ga ramukan da suka gina don tara ruwan sama daga rufin gidaje. In fari ya daɗe, sai wahala ta sauka a kan kowa.

A shekarar 1436 majalisar birnin, wanda a lokacin ake kira Ragusa, ta ɗauki wani gwanin magini daga yankin Napoli ta ƙasar Italiya, sunansa Onofrio della Cava. Aikin da aka ba shi shi ne ya jawo ruwa daga idon ruwa na Shumet, mai nisan kusan kilomita 12. Babu inji a zamanin. Sai ya gina magudana wadda ke bin gefen tuddai, tana gangarawa sannu sannu, har ruwa ya shigo gari da kansa. A 1438 aka gina wannan famfo a inda magudanar ta ƙare.

Abin da ya fi burge mu shi ne inda aka kafa shi. Ba a gidan wani mai mulki ba, a bakin ƙofa ne, inda talaka da attajiri da baƙo duk za su samu. Da muka bi babban titin birnin, Stradun, mai tsawon kamar mita 300, sai muka tarar da ƙaramin famfo a ɗaya ƙarshen. Shi ma Onofrio ne ya tsara shi, don mutanen kasuwa.

Kada ku ɗauka famfon nan bai ga masifa ba. Ranar 6 ga Afrilu 1667 aka yi babbar girgizar ƙasa wadda ta rushe yawancin birnin, ta kashe dubban mutane. Adon da ke saman famfon ya lalace, shi ya sa yau kubbarsa ba ta da wani ƙawa. Amma waɗanda suka tsira suka gyara shi, ruwa ya ci gaba da zuba.

Sai kuma 1991, lokacin da ƙasar Yugoslabiya ta wargaje. Sojoji suka kewaye birnin, aka yanke ruwa da lantarki har makonni da yawa. Ranar 6 ga Disamba aka yi wa tsohon garin ruwan bama-bamai. Mutanen da suka saba buɗe famfo a ɗakunansu suka koma bin layi da bokiti. A nan ne suka tuna cewa ruwa ba abin wasa ba ne. Bayan yaƙi aka sake gyara birnin da famfonsa.

Muna zaune a kan matakalar nan sai muka yi wani tunani. Onofrio ya yi aikinsa cikin 'yan shekaru ya tafi. Waɗanda suka sa ruwan bai daina zuba ba su ne mutanen da ba a rubuta sunayensu ba: masu share magudana, masu toshe inda ke yoyo, da iyayen da suka hana 'ya'yansu ɓata abin jama'a. Kowane tsara ya karɓa, ya kula, ya miƙa wa na baya.

To, yaya famfon unguwarku yake? In ya fara yoyo, kukan jira hukuma, ko kukan haɗa hannu ku gyara? Hausawa sun ce, ruwa abokin aiki. Mu koya wa yaranmu su rufe famfo in sun gama ɗiba, su kuma bar wurin da tsabta domin mai zuwa a bayansu.